Rabin Kwabo a Kowane Fam: Tarihin Ciyar da Ɗalibai a Ingila

Cikin watan Afrilu na shekarar 1907, a birnin Bradford da ke arewacin Ingila, wani likitan makarantu mai suna Ralph Crowley ya tsamo yara kimanin 40 daga unguwannin matalauta, ya ɗora su bisa sikeli ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta nauyin kowa. Daga nan aka shiga ba su karin kumallo da abincin rana a duk ranakun makaranta. Da safe akan ba su kunun hatsin nan na Turawa da ake kira ots, da madara da maɗin rake, sa'an nan a bi da burodi. Ya kuma ware waɗansu yaran masu irin halinsu, waɗanda ba a ciyar da su, yana auna su domin kwatantawa.

Ba a yi mako guda ba sai nauyin yaran da ake ciyarwa ya fara hawa. Da aka yi hutun makaranta cikin watan Mayu, aka dakatar da girki, sai nauyin ya zube. Aka komo makaranta, ya sāke hawa. Likita ya zana wannan hawa da sauka a takarda, kuma har yau zanen yana ajiye a ɗakin adana takardun tarihi na Birtaniya. Abin da zanen ya nuna ba ya bukatar tafinta: akwai yara a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi dukiya a wancan zamani, waɗanda ba su ƙoshi sai in an buɗe makaranta.

Sanin cewa yaro yana jin yunwa abu ne mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne, wa zai biya kuɗin tukunya? Iyaye ne, ko masu sadaka, ko majalisar gari, ko kuwa gwamnatin ƙasa? Mutanen Ingila sun fi shekara ɗari suna wannan gardama, kuma Bradford ce ta fara ba da amsa a aikace.

Garin ulu

A ƙarni na 19 Bradford ta zama cibiyar saƙar ulu ta duniya. Mutane suka yi ta kwarara daga ƙauyuka da ƙasar Ayalan suna neman aiki a masaƙu, har yawan jama'ar birnin ya kai kusan 280,000 a 1901. Attajirai suka gina manyan gidaje a bayan gari, ma'aikata kuwa suka cunkushe a ƙananan gidaje masu manne da juna, cikin hayaƙin gawayi. Lada ba ya isar magidanci, don haka mata da yara su ma suna aiki. Akwai wani tsari da doka ta yarda da shi, wanda yaro zai yi rabin yini a masaƙa, rabi a makaranta, kuma Bradford na cikin garuruwan da suka fi yawan irin waɗannan yara.

Dokar ilmi ta 1870 ta kafa hukumomin makarantu a garuruwa, ta 1880 kuma ta tilasta wa iyaye kai 'ya'yansu. Wannan tilas ita ta tona asirin yunwa. Yaran da dā suke ɓoye a lunguna, yanzu ga su jere gaban malami, waɗansu suna gyangyaɗi, waɗansu ba takalmi cikin tsananin sanyi. Malamai suka ga zahirin abin da Hausawa ke cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya. Da yawa daga cikinsu suka riƙa sayo burodi da kuɗin aljihunsu.

Ba wai ƙasar ba ta da tsarin taimakon gajiyayyu ba ne. Tun 1601, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, doka ta ɗora wa kowace unguwa alhakin matalautanta, ana karɓar haraji daga masu gidaje da filaye don haka. Amma dokar 1834 ta tsananta abin da gangan, don kada kowa ya yi sha'awar neman taimako. Wanda ya rasa yadda zai yi, ana iya kai shi gidan gajiyayyu, inda ake raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'ya, a sa su aikin wahala. Namijin da ya karɓi taimakon hukumar matalauta kuma ya rasa 'yancinsa na jefa ƙuri'a. Saboda haka mutane da yawa suka gwammace su kwana da yunwa da su sha wannan wulakanci.

Sauran abin da ya rage shi ne sadaka. A 1890 aka kafa wata ƙungiya a Bradford mai suna Cinderella, tana tara kuɗi daga jama'a tana ba yara abinci da tufafi. Ta yi aiki ƙwarai, amma sadaka tana da halinta: takan yawaita lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, ta janye bayan haka, kuma a shekarar da kasuwar ulu ta faɗi, lokacin da yunwa ta fi tsanani ke nan, masu bayarwa su ma hannunsu ya kan ƙanƙance.

Mutum biyu

Daga Disamba 1890 zuwa Afrilu 1891 ma'aikatan babbar masaƙar Manningham suka yi yajin aiki saboda an rage musu lada. Yunwa ta karya yajin, amma ya bar darasi: ma'aikata suka ƙudura cewa sai sun sami wakilansu na kansu a majalisu. A Bradford ɗin aka kafa jam'iyyar 'yan ƙwadago mai zaman kanta cikin Janairu 1893, a ƙarƙashin jagorancin Keir Hardie.

Mutum biyu daga cikin wannan tafiya su ne suka riƙe maganar ciyar da yara. Na farko shi ne Fred Jowett, wanda aka haifa a 1864, ya fara aikin rabin yini a masaƙa yana da shekara takwas, aka kuma zaɓe shi kansila a 1892. Ta biyu ita ce Margaret McMillan, wadda ta girma a Sikotland, aka zaɓe ta cikin hukumar makarantun Bradford a 1894. Ita da likitan makarantu na farko a birnin, James Kerr, suka riƙa zagayawa suna duba lafiyar ɗalibai, suna rubuta abin da suka gani. Hujjarsu ɗaya ce, kuma mai wuyar kaucewa: hukumar da ta tilasta wa yaro zama a aji, ita ke da alhakin ganin yana cikin halin da zai iya koyo. Kuɗin da aka kashe wajen koyar da mayunwaci asara ce ga mai biyan haraji kansa.

Masu adawa su ma ba su rasa abin faɗa ba, kuma ba dukansu ne marasa tausayi ba. Sun ce ciyar da ɗa nauyin uba ne, in hukuma ta ɗauke masa, to, ta koya masa lalaci, kuɗin da zai sayi abinci ya kai su gidan giya. Sun ce yau abinci, gobe takalmi, jibi kuɗin haya, ina za a tsaya? Sun kuma tuna wa majalisa cewa masu biyan harajin gidaje ba attajirai kaɗai ba ne, har da ƙaramin mai kanti da gwauruwa mai gida ɗaya.

Abin da ya juya ra'ayin manyan ƙasa daga waje ya zo. Lokacin yaƙin da Birtaniya ta yi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, likitocin soja suka mayar da ɗimbin samari gida saboda rama da rashin lafiya. An ba da labarin cewa a Manchester, cikin mutum 11,000 da suka kawo kansu, an ƙi 8,000. A 1901 kuma Seebohm Rowntree ya buga bincikensa na birnin York, inda ya tarar kusan kashi 28 cikin ɗari na jama'a suna cikin talauci. Gwamnati ta tsorata: ƙasar da ke mulkin kashi mai yawa na duniya, ina za ta sami sojoji da ma'aikata? Ta kafa kwamiti, wanda ya ba da rahoto a 1904, cikin shawarwarinsa har da ciyar da ɗalibai masu bukata.

A wannan shekara ta 1904 Jowett da abokansa suka shawo kan majalisar Bradford ta yarda cewa ciyar da ɗalibai mayunwata aikinta ne, tun da dokar 1902 ta riga ta mayar da makarantu hannun majalisun gari. Sai dai a Ingila majalisar gari ba ta da ikon kashe ko anini a kan abin da doka ba ta ambata ba. A 1905 gwamnati ta gwada miƙa aikin ga hukumomin matalauta, aka ce ana iya bin uba bashin abin da ɗansa ya ci. Iyaye suka ji tsoron bashi da kunya, suka janye 'ya'yansu, shirin ya watse.

Dokar 1906

Zaɓen 1906 ya kawo jam'iyyar Libaral kan mulki, ya kuma shigo da 'yan Leba 29 cikin Majalisar Dokoki, har da Jowett. Ɗaya daga cikinsu, William Tyson Wilson, ya gabatar da shirin doka a kan ciyar da ɗalibai, gwamnati ta goyi baya bayan gyare-gyare, ya zama doka cikin Disamba.

Dokar ta ba majalisun Ingila da Wales izinin tanadar ɗaki da tukwane da ma'aikata. In kuma sun tabbata akwai yaran da rashin abinci ya hana su amfana da karatu, kuɗin sadaka kuwa bai isa ba, suna iya sayen abincin kansa daga harajin gidaje, amma kada ya wuce rabin kwabo a kowane fam. Harajin nan ana yanka shi ne bisa ƙimar hayar gida ta shekara. Fam ɗaya a lokacin kwabo 240 ne, rabin kwabo kuwa shi ne kuɗin da dattawan Afirka ta Yamma suka sani da sunan ɗari. Watau kashi ɗaya cikin 480. Iyayen da ke da hali za su biya. Muhimmin abu kuma, uban da aka ciyar da ɗansa kyauta ba zai rasa ƙuri'arsa ba. Da wannan sharaɗi aka raba abincin makaranta da tambarin bara.

Bradford ba ta yi wata-wata ba. Bayan gwajin likita Crowley, sai ta buɗe babban kicin a makarantar Green Lane cikin Oktoba 1907, ana dafa abinci wuri ɗaya, motoci suna rarraba shi da zafinsa zuwa ɗakunan cin abinci a unguwanni. Shugaban makarantar shi ne Jonathan Priestley, mahaifin shahararren marubucin nan J. B. Priestley. Malamar da ke kula da koyar da aikin gida, Marian Cuff, ta tsara girki iri 17 ana juyawa, kowanne an lissafta abin da ke cikinsa na gina jiki. Aka shimfiɗa ƙyalle bisa tebura, aka ajiye furanni, manyan ɗalibai suna raba wa ƙanana. Waɗansu sun yi wa wannan dariya, suna cewa me ɗan talaka ya sani da fure. Masu shirin kuwa suna ganin cewa yadda aka miƙa wa yaro abinci yana faɗa masa matsayinsa a gari.

Saura matsalar hutu, wadda sikelin likita ya riga ya nuna. Doka ba ta ba da izinin ciyarwa a ranar da ba makaranta ba, amma Bradford ta ci gaba da girki lokacin hutu, Jowett kuma ya yi ta naci a Majalisar Dokoki. A 1914 aka yi sabuwar doka wadda ta halatta ciyarwar hutu, ta cire iyakar rabin kwabo, gwamnatin ƙasa kuma ta fara mayar wa majalisu kusan rabin abin da suka kashe.

Raunin tsarin

Dokar 1906 izini ta bayar, ba umarni ba. Bayan shekara biyar da kafa ta, majalisun da ke ciyarwa ba su kai rabi ba. Yaron Bradford yana cin abinci mai zafi, ɗan'uwansa a wata gunduma yana kwana da yunwa, bambancinsu kawai inda aka haife su.

Akwai kuma wani rauni mafi zurfi. Harajin gidaje ya dogara ne kan darajar gidaje. Unguwar da ta fi yawan mayunwata ita ce ke da gidaje mafi araha, don haka kwabonta ba ya tara abin kirki, alhali kwabon unguwar attajirai yana tara ninkin-ba-ninkin. Talaka ke nan ake cewa ya ciyar da talaka.

Wannan ne ya haifar da rikicin Poplar, wata unguwar ma'aikatan tashar jiragen ruwa a gabashin Landan. A 1921 rashin aiki ya yi tsanani, kansilolin unguwar a ƙarƙashin George Lansbury suka ce ba za su iya ciyar da matalautansu, su kuma karɓo wa hukumomin birnin Landan kasonsu na haraji ba. Suka zaɓi matalauta, suka ƙi karɓar kason. Kotu ta umarce su, suka ƙi. Cikin Satumba aka ɗaure kansila 30, maza 25 a kurkukun Brixton, mata biyar a na Holloway. Suka yi mako shida, jama'a suna taruwa a bakin kurkuku, har waɗansu unguwanni suka fara shirin yin koyi da su. Gwamnati ta ga abin zai bazu, aka sake su, aka yi dokar da ta sa unguwannin Landan masu arziki su ɗauki wani kaso na nauyin marasa arziki. Ɗaya daga cikin matan, Minnie Lansbury, ba ta warke daga ciwon da ta ɗauko ba, ta rasu a farkon 1922.

Daga gari zuwa ƙasa, da komowa

Yaƙi ne ya sāke ciyar da maganar gaba. A Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga rabon abinci da kati, mata suka cika masana'antu, gwamnati ta ga ba makawa sai an ciyar da yara a makaranta. A 1940 ɗalibi ɗaya cikin 30 ne ke cin abincin makaranta, a 1945 kuwa ɗaya cikin uku. Majalisun gari suka kuma buɗe gidajen abinci na jama'a fiye da 2,000, inda mutum zai ƙoshi da nai, watau kwabo tara. Dokar ilmi ta 1944 ta mayar da ciyarwa wajibi a kan kowace majalisa, a 1946 madara ta zama kyauta ga ɗalibai, daga 1947 kuma baitulmalin ƙasa ya ɗauki kuɗin shirin har na tsawon shekara 20. Abin da gari ɗaya ya fara da rabin kwabo ya zama hakkin kowane yaro.

Amma abin da doka ta bayar, doka na iya karɓewa. A 1971 Margaret Thatcher, tana ministar ilmi, ta soke madarar kyauta ga yaran da suka wuce shekara bakwai. Waɗansu majalisu, kamar ta Merthyr Tydfil a Wales, suka yi turjiya na ɗan lokaci. Dokar 1980, lokacin ta zama Firayim Minista, ta sauke wa majalisu wajibcin ciyar da kowa, sai 'ya'yan masu karɓar tallafi, ta kuma soke ƙa'idojin ingancin abinci. Daga baya aka buɗe wa kamfanoni ƙofar kwangilar girki, mai araha ya ci. Ko a wannan zamani Bradford ta sāke yin abin da aka yi ta magana a kai: da yake dubban Musulmi 'yan asalin Pakistan sun zauna a birnin suna aikin masaƙu, majalisa ta shigar da naman halal cikin abincin makarantu a 1983, duk da hayaniyar masu adawa.

Sadaka ta komo da sabon suna. A shekarar 2000 ƙungiyar Trussell ta buɗe rumbun abincin taimako na farko a garin Salisbury, inda jama'a ke kawo gwangwani da taliya da shinkafa, a raba wa waɗanda suka shiga matsi. Daga 2010 gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, hukumar binciken kuɗi ta ƙasa ta lissafta cewa cikin shekara bakwai tallafin da majalisun Ingila ke samu daga gwamnati ya ragu da kusan rabi. Rumbunan suka yi ta yaɗuwa, har a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 Trussell kaɗai ta raba ƙunshin abinci fiye da miliyan uku.

Lokacin annobar korona tsohuwar maganar hutu ta taso kamar ba a taɓa yin ta ba. Cikin Yuni 2020 ɗan ƙwallon Manchester United, Marcus Rashford, wanda shi kansa ya girma da abincin makaranta na kyauta, ya rubuta wa 'yan majalisa wasiƙa, gwamnati ta yarda ta ba da takardun sayen abinci a hutun bazara. Da hutun Oktoba ya zo sai Majalisar Dokoki ta ƙi, da ƙuri'a 322 a kan 261. Cikin 'yan kwanaki majalisun gari da dama, irin su Manchester da Liverpool da Birmingham, har da waɗansu na jam'iyyar da ke mulki, suka ce za su biya daga asusunsu. Cikin Nuwamba gwamnati ta sauko, ta ware fam miliyan 170, ta kuma bi da su ta hannun majalisun. A 2021 ta kafa asusun tallafa wa iyali da fam miliyan 500, aka yi ta sabunta shi na gajeren lokaci, a kowane karo majalisu ba su san ko zai kai shekara ta gaba ba. A Landan, unguwanni huɗu, Islington da Newham da Southwark da Tower Hamlets, suka riga kowa ciyar da dukan ɗaliban firamare kyauta, kafin magajin gari Sadiq Khan ya faɗaɗa shirin ga birnin duka a 2023 da fam miliyan 135. Poplar ta Lansbury tana cikin Tower Hamlets ɗin nan.

Mai ɗaki da yoyo

In an dubi wannan tarihi daga farkonsa, za a ga abu ɗaya yana maimaituwa. Majalisar gari ce kan fara gani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kansila yana bin titi ɗaya da yaran, malami yana ganin wanda ya zo bai karya ba. Ita ce kuma kan fara gwadawa, wani lokaci ma kafin doka ta yarda. Amma ba ta taɓa iya riƙe nauyin ita kaɗai ba, domin inda yunwa ta fi yawa nan aljihun majalisa ya fi zama fayau. Duk lokacin da shirin ya game ƙasa, kamar a 1914 da 1944, to, kuɗin baitulmali ne ya haɗu da idon gari. Duk lokacin da baitulmali ya janye, sai abincin yaro ya koma dogara ga sa'ar inda iyayensa suke zaune.

Bradford kanta shaida ce. Yawancin masaƙun ulu sun rufe, an mai da masaƙar Manningham gidajen kwana. A 2024 majalisar birnin ta kasa daidaita kasafinta sai da gwamnati ta ba ta izini na musamman na cin bashi da sayar da kadarori. Ƙungiyar Cinderella kuwa, wadda aka kafa a 1890 domin toshe giɓi kafin hukuma ta farka, ba ta taɓa samun dalilin rufewa ba.